Yadda ake zaɓa da ɗaura motar lantarki da birki a babbar ƙofar sito mai hawa sama

Duk wanda ya taɓa yin dako ko gadi a manyan sitocin Apapa, ko ɗakunan sanyin kifi na Ijora, ko masana'antun Ikeja da Ilupeju, ya san irin ƙofar da nake nufi: ta ƙarfe, mai faɗin da tirela za ta shige da kwantena a bayanta, ana danna maɓalli ta naɗe sama. Da yawa daga cikin masu danna maɓallin nan 'yan'uwanmu ne masu gadi, masu wucewa ta ƙarƙashinta da buhu a ka su ma akwai namu da dama. Shi ya sa nake son masu walda da masu wayarin ɗinmu da ke karɓar wannan aiki a Legas su riƙa yin sa da lissafi.

In aka zo maganar sayen kaya, tambayar oga ɗaya ce: motar doki nawa ce? Ba kasafai ake tambayar abin da zai riƙe ƙyauren ba idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar hanya, ko sarƙa ta tsinke. Ɗagawa ba ta da wuya, kowace mota mai ɗan ƙarfi za ta ɗaga. Riƙewa ce aikin, kuma a nan zan fi daɗewa.

Fara da nauyin ƙyauren

Kada ka yi ƙiyasi da ido. Ɗauki falle ɗaya daga cikin fallayen da ake sarƙafawa su zama ƙyaure, ka ɗora a sikeli, ka ninka da yawansu, ka haɗa da ƙarfen gindi wanda ya fi sauran nauyi. A ce ƙofar faɗinta mita 5, tsayinta mita 5, wato murabba'in mita 25. Idan kowane murabba'i ya ba ka kilo 12, ƙyauren kilo 300 ke nan. Da wannan misali za mu tafi har ƙarshe, amma kai da naka awon za ka yi aiki, don kaurin ƙarfe ya bambanta.

Daga nan sai ƙarfin murɗawa da ake buƙata a kan bututun da ƙyauren ke naɗewa, wanda ake rubutawa da Nm a jikin injin. Ninka kilo 300 da 9.8 don mayar da nauyin zuwa Newton, ka samu 2,940. Bututu mai faɗin inci 8, wato milimita 219, rabinsa milimita 110 ne, ka ƙara masa kamar 10 saboda kaurin falle, ya zama mita 0.12. Ninka 2,940 da 0.12, ka samu Nm 353. Ƙara kashi 20 cikin 100 saboda gogayya a hanyoyin gefe da iskar damina da ke danna ƙyauren, ya kai Nm 424. To abin da za ka nema shi ne mai Nm 450 ko 500, ba ƙasa da haka ba.

Gudu kuma, juyi 12 a minti ya wadatar wa ƙofa irin wannan. Za ta riƙa hawa kimanin santimita 15 a daƙiƙa da farko, tana ƙara sauri yayin da naɗin ke yin kauri, ta buɗe cikin kusan rabin minti. Motar lantarki mai layi uku ta kilowat 1.1, wato doki ɗaya da rabi, za ta yi. Tana juyi wajen 1,400 zuwa 1,450 a minti a wutarmu mai Hz 50, don haka sai an rage gudun sau 120. Giyabos, wato akwatin giya mai rage gudu, mai 40 zuwa 1, da sarƙa mai 3 zuwa 1, misali ƙaramin faranti mai haƙora 15 da babba mai 45, sun ba ka hakan daidai.

Duba ƙaramin allon da ke jikin motar kafin ka biya. Idan an rubuta S3 40%, ma'anarsa a kowane minti 10 za ta yi aiki na minti 4 ta huta na 6. Ga sito mai buɗewa safe da yamma ya isa. Ga ɗakin sanyi inda foklif ke shiga yana fita duk yini, nemi mai 60% ko sama. Lambar IP kuma, wato ta kariya daga ƙura da ruwa, kada ta gaza 54, in kusa da ruwa ne kamar Apapa da Lekki ka nemi 65, saboda iskar gishiri da laima ba sa raga wa komai. A kayan tokumbo, in an kankare allon ko an shafe shi da fenti, ka bar musu abinsu.

Akwai tsari biyu. Na farko, injin da ake zura shi kai tsaye a bakin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya bututun, ba sarƙa a tsakani. Wasu daga cikinsu, kamar na kamfanin GfA na Jamus, suna zuwa da abin kama ƙofa a cikin giyabos ɗin. Na biyu, mota a gefe da sarƙa zuwa shaf, wanda ya fi yawa a nan don ya fi araha kuma ana samun kayansa. Duk wanda ya zaɓi na biyu ya sani ya saka abu mai iya tsinkewa tsakanin birki da ƙyaure.

Birkin mota

Za ka ji wani yana cewa giyabos mai tsutsar ƙarfe ba ya komawa baya, don haka ba a buƙatar birki. Gaskiya ne idan ragin gudun yana da yawa yakan riƙe kaya a tsaye. Amma girgiza kaɗan, kamar wucewar tirela ko bugun janareta, tana iya sa shi ya fara silalewa, kuma yayin da haƙoran suka goge suka yi santsi riƙon yana raguwa. Kada ka dogara da shi.

Birkin da ya dace shi ne wanda sifirin ke matsewa, wuta ke saki. Yana bayan mota, ƙarƙashin murfin fanka. In babu wuta, sifirin suna danna farantin ƙarfe a kan fatar birki, shaf ya kafe. In wuta ta shiga koyil, maganaɗisu ya janye farantin, mota ta juya. Ka ga ke nan ɗaukewar wuta ba ta sakin ƙofa, kama ta take yi. Duk birkin da sai an ba shi wuta yake kamawa ba na wannan aiki ba ne.

Ƙarfinsa ya zama kamar ninki biyu na ƙarfin motar. Lissafin: 9,550 sau kilowat, a raba da juyi a minti. Motarmu ta 1.1 a juyi 1,420 tana ba da Nm 7.4, don haka birki mai Nm 15 ko 16 ya yi.

Koyil ɗin wutar DC yake ci, ta hannun ɗan ƙaramin raktifaya, mai mayar da wutar layi zuwa DC, da ke cikin akwatin wayoyin motar. Nan mutane ke ƙona kaya. Raktifaya mai rabin zango da aka ba volt 400 yana fitar da kusan 180. Mai cikakken zango da aka ba 230 yana fitar da kusan 205, mai rabin zango a kan 230 kuma kusan 103. Karanta abin da aka rubuta a koyil ka sayi wanda ya dace da shi. In ka ba koyil ɗin 103 wutar 180 zai yi zafi ya ƙone, in ka yi akasin haka birkin ba zai saki sosai ba, mota ta riƙa ja da birki a kame.

Ga wani abu da ko gogaggun masu wayarin sukan tsallake. Idan aka jona raktifaya a bakin wayoyin mota kawai, to bayan an yanke wuta, motar da nauyi ke ci gaba da juya ta tana samar da ragowar wuta na ɗan lokaci, maganaɗisun ma ba ya mutuwa nan take. Birki ya makara, ƙofa ta zame kafin ta tsaya. Maganinsa a yanke ta ɓangaren DC. A yawancin raktifaya akwai baki biyu da aka haɗe da 'yar waya. Cire ta, ka bi da bakin biyun ta wani kontak na kontakta, wato makunnin da ke ba mota wuta, yadda da zarar an tsayar da mota koyil ya katse a take. Bambancin a bayyane yake: ƙofa ta daina sulɓewa, ta tsaya cak.

Sai tazarar da ke tsakanin koyil da faranti. A ƙananan birki takan kama daga milimita 0.2 zuwa 0.5, gwargwadon girma, kuma maƙerin yana rubuta iyakar da ba za a wuce ba. Auna ta da fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, a wuri uku kewaye da farantin, ka daidaita notocin har ta zama ɗaya ko'ina. Yayin da fata ke cinyewa tazarar tana ƙaruwa, har wata rana maganaɗisu ya kasa janyo farantin. Abin da wasu ke yi a ranar shi ne su sassauta sifirin, ko su ɗaure hannun sakin birki da waya don aiki ya ci gaba. In ka tarar da haka a wata ƙofa, sauke ta ƙasa ka kashe wuta kafin ma ka gaisa da oga. Kuma mai ko giris kada ya taɓa fatar. Idan silin giyabos ko na mota yana yoyo ya jiƙa ta, canzawa ake yi, wankewa da fetur ba ya mayar da ita.

Birki na biyu, a kan shaf

Birkin mota yana riƙe mota ne. Idan sarƙa ta tsinke, ko ki, ɗan ƙarfen da ke kulle farantin sarƙa a jikin shaf, ya yanke, ko haƙorin giya ya karye, motar tana nan a kame amma kilo 300 sun kama hanyar ƙasa. Saboda haka ake ɗaura abin kama faɗuwa a kan shaf ɗin bututun kansa, galibi a ɗaya gefen da ba mota, inda yake zama a madadin boris. A gudun yau da kullum ba ya taɓa komai. Da zarar shaf ya wuce gudun da aka ƙayyade, wasu ƙarafa a cikinsa su cije, ya tsaya. Ƙa'idar Turai ta EN 12604 ta ce kada ƙyaure ya faɗo fiye da santimita 30 idan wani abin riƙonsa ya lalace. Ko ba wanda zai zo ya duba maka, wannan awo ne mai kyau ka riƙe.

Wajen saye ka duba abu uku: ƙarfinsa ya wuce Nm ɗin da ka lissafa, ramin tsakiyarsa ya yi daidai da kaurin shaf, sannan iyakar gudun aikinsa ta fi na ƙofarka, in ba haka ba zai riƙa cijewa ba dalili. A jikinsa akwai kibiya mai nuna juyin sauka da alamar gefen da zai kalli sama. In ka juya shi, ka ɗaura ƙarfen ado. Yana da ɗan makunni da waya biyu, ka saka su a layin tsayarwa don mota ta mutu idan ya cije. Maƙallin da zai zauna a kai ya zama mai kauri, a ɗaure shi da bol a ginshiƙin ƙarfe ko kankare, ba a jikin bulo ba, domin duk bugun a kansa zai sauka. Idan ya taɓa cijewa sau ɗaya, a tallafe ƙyauren da cenbulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, a gano abin da ya karye, a bi umarnin maƙerin kan gyara shi ko canza shi.

Ƙofofi masu manyan fallaye da ke hawa miƙe ko su kwanta a ƙarƙashin rufi tsarinsu daban ne. Sifirin murɗe da igiyar ƙarfe ne ke ɗaukar nauyin, mota rakiya kawai take yi. A nan abin kamawa iri biyu ne, na karyewar sifirin a kan shaf da na tsinkewar igiya a gindin ƙyaure. A bar aƙalla naɗi biyu na igiya a kan ganga ko da ƙofa tana ƙasa. Gwajin daidaito: da ƙofa a rufe ka raba ta da mota, ka ɗaga da hannu zuwa rabi, ka saki a hankali. In ta tsaya, sifirin lafiya. Wanda bai koyi murɗa sifirin nan a hannun gwani ba kada ya gwada da sukudireba, yana karya hannu da muƙamuƙi.

Akwatin wuta, da halin wutar Legas

Kontakta biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, da makullin ƙarfe a tsakaninsu da kuma na waya, don kada su shiga tare. Rilen zafi, mai yanke mota idan ta ja wuta fiye da ƙima, a saita shi a kan amfiyar da ke allon mota, wadda ga 1.1 ba ta wuce 2.5 zuwa 2.8 a volt 400 ba. Kada a ƙara shi don yana yawan faɗuwa, a nemo dalilin faɗuwar. Wayar ƙasa ta isa jikin mota da firam. Kusa da ƙofa a sa babban makunni mai ramin kwaɗo.

Abin da ba zan yarda a haɗa akwati babu shi ba shi ne rilen lura da layi. Sito a nan yana tsakanin wutar NEPA, ko ta Eko ce ko ta Ikeja, da janareta, ana cenjoba kullum. Ranar da aka gyara taransifoma ko aka kawo janaretan haya, waya biyu na iya musanya wuri. Mota mai layi uku kuwa da an musanya layi biyu sai ta juya baya. Mai gadi ya danna sauka, ƙofa ta kama hawa, kuma akwatin yana sauraron makunnin iyakar ƙasa ne, mai tsayar da mota idan ƙofa ta kai ƙasa, alhali ƙofar sama ta nufa. In babu iyakar gaggawa mai yanke komai, ba abin da zai tsayar da ita har ƙyauren ya fice daga hanyarsa. Rilen nan yana hana kontakta shiga idan jerin layi ya juye, ko layi ɗaya ya ɗauke, ko wuta ta yi ƙasa. Saita shi ya yanke idan ta kauce da kashi 10 cikin 100, wato ƙasa da 360 ko sama da 440 a kan 400. Raunin wuta yana cin birki a ɓoye, don koyil ba ya samun ƙarfin saki gaba ɗaya. Ka tuna kuma mota tana jan ninki 5 zuwa 7 na amfiyarta a lokacin tashi, ƙaramin janareta yana iya durƙusawa daidai lokacin da birki ke son buɗewa.

Idan oga yana son inbata mai sarrafa gudu don tashi da tsayawa a hankali, abu ne mai kyau, yana ƙara wa sarƙa da giya kwana. Amma sauke ƙofa kamar zura cikakken guga ne cikin rijiya: ba kai ke turawa ba, shi ke jan ka. Motar takan koma mai samar da wuta, ta tura ta cikin inbata, wutar cikinsa da ke zama wajen volt 560 ta haura har ya kashe kansa. Don haka a sa masa razista mai ƙone rarar, daidai da awon da littafinsa ya faɗa. Raktifayan birki kuma kada a ɗauke shi daga wayoyin da suka fito daga inbata, a ba shi layinsa daban ta kontakta wanda rilen inbatan ke sarrafawa, ya saki bayan mota ta kama nauyi, ya kama kafin ta sake shi. Kafin ka sa hannu a ciki, kashe ka jira minti 10, ka auna da mita.

Saiti da gwaji

Ja ƙyauren da sarƙar hannu zuwa rabi. A nan ake gwajin farko, don ko ta juya baya kana da sarari. Taɓa maɓallin hawa ka saki. In ta sauka, kashe wuta ka musanya layi biyu. Ka tabbatar kuma jan sarƙar hannu yana yanke wutar mota, in ba haka ba ranar da wuta ta dawo mutum na riƙe da ita zai ji jiki.

Saita iyakar ƙasa yadda robar gindi za ta zauna a daɓe ba tare da fallaye sun tattaru ba, ta sama kuma ƙarfen gindi ya tsaya yana cikin hanyarsa. Bayan kowace iyaka akwai ta gaggawa, a sa ta 'yan santimita kaɗan gaba, ta yanke komai idan ta farko ta gaza. Sarƙar mota ta samu ɗan sassauci, kamar kashi 2 cikin 100 na tazarar farantan biyu, kuma farantan su kalli juna a miƙe.

Yanzu gwajin birki, ba kowa a ƙasa. Tana saukowa, daidai tsayin ƙugu, danna tsayawa ka ja layi da alli a jikin hanyar gefe. Bar ta minti 10 ka dawo. Ko yatsa ɗaya ta motsa, akwai magana. Maimaita, amma wannan karon ka kashe babban makunni maimakon maɓalli. Rubuta nisan da ta zame a jikin murfin akwati tare da kwanan wata, don mai dubawa na gaba ya ga ko ya ƙaru. Abin kama faɗuwa ba a gwada shi da sakin ƙofa, makunninsa kawai za ka taɓa ka ga mota ta mutu.

Sauka ta zama sai an riƙe maɓalli, in an saki ta tsaya, kuma mai dannawa yana ganin bakin ƙofar. Idan ana son ta rufe da kanta, sai an sa idon lantarki a gefe da robar gindi mai jin taɓi. Ƙa'idar EN 12453 ta iyakance bugun bakin ƙofa a Newton 400, kusan nauyin kilo 40, kuma ya ragu zuwa 150 cikin daƙiƙa 0.75. Ƙofar kare gobara kuwa, wadda aka ƙera ta sauko da kanta idan ƙararrawa ta buga, tsarin birkinta daban ne, kada a yi mata wannan wayarin.

Duk wata uku a duba tazarar birki, sarƙa, ki, bol ɗin maƙallai da man giyabos, a ƙara dubawa kafin ruwan Yuni da Yuli. Ƙofar da ta daɗe a rufe farantin birkinta yakan yi tsatsa ya manne, a riƙa motsa ta ko sau ɗaya a mako. Sarƙar hannu ma a riƙa jan ta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ka tattara kayanka, kira mai gadin da zai riƙa aiki da ita, ba oga kaɗai ba. Ka ce masa: Malam, saurari wannan ƙaras ɗin da take yi kafin ta tashi, birki ne ya saki. Ranar da ka danna ka ji mota na gurnani babu ƙaras, ɗaga hannunka. In ka ga ta zame bayan ta tsaya, ko ka ji ƙaurin fata, sauke ta ƙasa, ka sa kwaɗo a makunni, ka kira ni. Bayan an gyara wuta ko an canza janareta, taɓa maɓallin kaɗan ka ga inda ta nufa kafin ka riƙe shi. Kuma tana tafiya kada ka bar 'yan dako su sunkuya su wuce, ko direban tirela yana ta hon.